Jinjirin da Bai Cika Wata Shida Ba da Shirin Ƙananan Asibitocinmu

Duk lokacin da aka tayar da zancen tamowa a Arewacin Najeriya, abin da ke zuwa zuciyar mutane shi ne yaro ɗan shekara ɗaya ko biyu, an zagaya masa tef ɗin awo mai launin ja da ɗorawa da kore a damtse, uwarsa kuma tana riƙe da 'yan ledojin nan na abincin tamowa da ake haɗawa da gyaɗa da madara da sukari da mai. Wannan hoto gaskiya ne, sai dai akwai wanda ya bari a waje, wato jinjirin da bai cika wata shida ba, wanda ba a ba shi abincin leda, kuma har kwanan nan ba a auna damtsensa, domin duka biyun an tsara su ne don yara daga wata 6 zuwa wata 59. Ra'ayina shi ne ƙananan asibitocinmu na matakin farko, waɗanda talaka ke kira sha-ka-tafi, ba su shirya karɓar wannan jinjiri ba tukuna, kuma babban dalilin shi ne mun saba ɗaukar maganin tamowa a matsayin kayan da mota ke saukewa a raba wa mata, alhali jinjirin da ya rame yana bukatar ma'aikaciyar da ta iya kallonsa, ta iya auna shi daidai, ta kuma samu lokacin zama da uwarsa.

Hanyar da ta kawo mu nan hanyar nasara ce, ba ta sakaci ba. Kafin tsakiyar shekarun 1990, yaron da tamowa ta yi wa tsanani sai an kwantar da shi makonni a asibiti ana ba shi madara ta musamman, uwarsa na zaune a gefen gado ta bar gida da sana'a da sauran 'ya'ya, saboda haka kaɗan ne ƙwarai ke samun magani. A 1996 wani likita Bafaranshe masanin abincin yara, Andre Briend, tare da kamfanin Nutriset, suka fito da haɗin gyaɗar nan da ba ya bukatar ruwa ko wuta ko firji. Inda haɗin ya nuna kansa sosai a ƙasar Hausa ne, a yunwar 2005 a Jamhuriyar Nijar, lokacin da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta yi wa yara sama da 60,000 magani, akasarinsu a jihar Maraɗi, kuma mafi yawansu suna kwana a gidajensu ana kawo su awo mako-mako. Najeriya ta fara nata shirin a 2009 a jihohin Gombe da Kebbi, daga baya ya yaɗu zuwa sauran jihohin Arewa. Tun daga nan komai ya ginu a kan leda. Rajistar asibiti, da horon ma'aikata, da rahoton ƙarshen wata, har da lissafin masu ba da agaji, duk da katan-katan ake yin su. Jinjiri kuwa aka bar shi a hannun zato, cewa tunda yana kan nono, nono ya isar masa.

Zaton yana da tushe, domin babu abincin da ya kai nonon uwa ga jariri, amma ya rataya ne a kan sharuɗɗan da ba kullum suke cika ba. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 29 cikin ɗari kacal na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata shida ne ake shayar da su nono zalla, saura ana haɗa musu da ruwa ko koko ko madarar dabba. Duk wanda ya san zafin bazara a Sakkwato ko Nguru ya san abin da ke sa kaka ta ce zalunci ne a hana jinjiri ruwa, kuma da kyakkyawar niyya take faɗa. Abin da ba a taɓa zama an yi mata bayani ba shi ne sama da kashi 80 cikin ɗari na nono ruwa ne, kuma duk cokalin ruwan da ya shiga wannan ɗan ƙaramin ciki ya tare gurbin nono, wani lokaci ma ya shigo da gudawa. Akwai kuma jariran da tun daga ciki suka fito da rauni, kamar bakwaini, da tagwaye, da wanda aka haifa bai kai kilo biyu da rabi ba, da ɗan yarinyar da ita kanta ba ta gama girma ba, da wanda uwarsa ta rasu wajen haihuwa. Wancan bincike ya nuna cewa a Arewa maso Yamma haihuwar da ake yi a asibiti ba ta kai ɗaya cikin biyar ba, ma'ana mafi yawan jariranmu babu wanda ya ɗora su a sikeli ranar da suka zo duniya. Ungozoma ta yanke cibi, wanzami ya zo ya yi aski ranar suna, a wasu gidajen ya cire beli, amma nauyi ba a rubuta shi ko'ina ba. Idan irin wannan jariri ya fara ramewa, sai a ce ƙaramin jiki gare shi irin na dangin ubansa, ko a ce nonon uwar ne ba shi da kyau, ko a ce maɗigarsa ce ta faɗa a nemi abin shafawa, har sai ranar da ya daina kama nono.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe a kan cewa duk jinjirin da tamowa ta yi wa tsanani a babban asibiti ya kamata a kwantar da shi. A 2013 ta sassauta, ta yarda cewa wanda ba shi da wata cuta mai haɗari ana iya kula da shi yana gida. A 2023 kuma ta fitar da sabon tsari wanda ya faɗaɗa kallon, ya daina jiran jariri ya kai gargara kafin a ce da shi majinyaci. Tsarin ya ce a lura da duk jaririn da ke cikin haɗarin rashin girma, ko dai nauyinsa ya yi ƙasa da na sa'anninsa, ko zagayen damtsensa bai kai santimita 11 ba idan ya cika mako shida, ko nauyinsa ya tsaya ko yana raguwa tsakanin awo da awo, ko ƙafafunsa sun kumbura. Ya kuma ce a ɗauki uwa da ɗanta tamkar majinyaci guda, domin ba a gyara ɗaya a bar ɗaya. Wannan sauyi daidai ne a ganina, amma ya kamata mu fahimci inda ya sauke kayan. Ya sauke su ne a ƙofar sha-ka-tafi, a gaban ma'aikaciyar lafiyar al'umma da ta fito daga makarantar koyon aikin lafiya, wadda sau da yawa ita ce likita, ita ce ungozoma, ita ce mai ba da magani, ita ce mai cike fam.

Mai son ya san ko an shirya, ya je irin wannan asibiti ranar rigakafi. Mata sun cika benci har sun malala ƙarƙashin darbejiya, kowace da goyo da katinta a leda, akwatin sanyi na allurai yana kan tebur, ma'aikaciya ɗaya tana tsira allura, ɗaya tana rubutu idan an yi sa'a su biyu ne. Jadawalin rigakafi yana kawo jariri wurin a mako na 6 da na 10 da na 14, wato daidai lokacin da ramar ke farawa, kuma daidai lokacin da ake iya juya ta cikin sauƙi. Amma jaririn yana zuwa ne a naɗe cikin zane da hula da safa, a buɗe cinya kaɗai a yi allura, a ɗiga masa maganin shan-inna a baki, a mayar da shi baya, a kira ta gaba. Babu wanda ya ga haƙarƙarinsa ko fatar ɗuwawunsa da ta saki. Inda ake awo, sau da yawa da sikelin ratayawa ake yi, wanda zane-zanensa giram ɗari-ɗari ne, alhali jariri mai lafiya a watanninsa uku na farko giram 20 zuwa 30 yake ƙarawa a rana, don haka ƙarin mako guda bai wuce zane ɗaya ko biyu ba, kuma allurar sikelin na rawa saboda yaro na wutsil-wutsil a cikin wandon awo. A wasu wuraren ma uwa ce ke hawa sikelin manya da ɗa a hannu, ta sauka ta sake hawa ita kaɗai, a ɗebe wannan daga wancan. Lambar da aka samu a rubuta ta a kati, amma ba a ɗiga ta a kan zanen girma da ke bayan katin ba, kuma lamba ɗaya da ba a gwada ta da ta watan jiya ba ba ta gaya wa kowa komai. Sikelin jarirai mai tire, wanda ke karanta giram goma ko ashirin, ba ya kai kuɗin fentin katangar asibiti, amma shi ne abin da ake yawan rasawa, ko a same shi batirinsa ya mutu.

Ko an gano jaririn, aikin da ke biye shi ne mai wuya, domin babu ledar da za a miƙa. Kusan kowace uwa da ta zo da jinjiri ramamme magana ɗaya take yi, cewa nononta ba ya isarsa. Ma'aikaciyar da ta samu horo ba za ta gaskata ko ta ƙaryata nan take ba. Za ta zaunar da uwar a inda babu idon maza, ta ce ta ba shi nono, ta zuba ido. Za ta duba ko bakinsa ya buɗe sosai, ko haɓarsa na taɓa nonon, ko leɓensa na ƙasa ya juyo waje, ko ya haɗa da baƙin zagayen ko kuwa kan nonon kaɗai yake tsotsa har ya tsattsage shi. Za ta saurara ta ji ko yana haɗiya a hankali ko yana tsotson banza da sauri-sauri har ya gaji ya yi barci. Za ta tambayi sau nawa yake sha tsakanin safiya da safiya, domin bai kamata ya gaza sau takwas ba, da sau nawa yake fitsari, da ko ana cire shi daga nono ɗaya a mayar da shi ɗayan kafin ya kai ga nonon ƙarshe mai maiƙo. Za ta leƙa bakinsa ko akwai farar fumfuna ko tsagar ganɗa, ta taɓa nonon uwar ko ya kumbura ya yi zafi. Duk wannan yana cin kusan rabin sa'a, kuma sai an maimaita shi mako-mako har sikeli ya fara nuna ƙari. Mafi yawan matan da ke cewa nononsu ya ƙafe ana iya dawo musu da shi ta wannan hanya, saboda yawan tsotso ne ke kawo yawan nono.

Ma'aikaciyar da ba ta da horo ko ba ta da rabin sa'ar, abin da ke bakinta shi ne a je a sayi madara. Wannan shawara ita ce mafi tsada da mafi haɗari da za a ba matar ƙauye. Jariri yana bukatar kimanin kilo 20 na madarar jarirai a watanninsa shida na farko, wato gwangwani 50 masu giram 400, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne, manomi da ɗan ga-ruwa kuwa ko wannan ba su da tabbacinsa. Abin da ke biyo baya sananne ne. Maigida ya sayi gwangwani ɗaya a kemis, a riƙa tsinka shi da ruwa don ya daɗe, idan ya ƙare a koma madarar shayi ko ta awo, a zuba a bulumbotin da ba a dafa ba, da ruwan rijiyar da ba a tafasa ba. Yaro ya rage tsotso, nono ya ƙara ja baya, gudawa ta shigo, ramar da aka zo da ita ta ninka.

Akwai dabi'ar da ta zama ruwan dare a taruka da shirye-shiryen rediyo, ta ɗora laifin duka a kan jahilcin iyaye mata, kuma a ganina an bar jaki ne ana dukan taiki. A watan Yulin 2025 MSF ta bayyana cewa ta auna mata 750 da ke jinyar 'ya'yansu a cibiyoyinta na jihar Katsina, ta tarar fiye da rabinsu su ma suna fama da tamowa. Gaskiya ne cewa macen da ba ta ƙoshi sosai ba jikinta na ci gaba da yin nono, yana ɗiba daga ajiyarta, kuma bai kamata a taɓa gaya wa irin wannan mace ta daina shayarwa ba. Amma macen da ke da ƙarancin jini, ta wuni tana daka da ɗiban ruwa da surfen kuɗi, ko ta gudo daga ƙauyensu saboda 'yan bindiga tana kwana a kangon makaranta, ba za ta iya zama sau goma a rana ta ba da nono cikin natsuwa ba. Akwai kuma ciwon damuwa da ke kama wasu mata bayan haihuwa, wanda a gidajenmu ake fassarawa da miskilanci ko iskokai, ya sa uwa ta ji kukan ɗanta ta kasa tashi. Asibitin da ya shirya shi ne wanda zai auna damtsen uwar, ya duba jininta, ya tambaye ta yadda take kwana da abin da ke ranta, ya kuma san inda zai tura ta.

Al'adar jego tana da abin da ya kamata asibiti ya riƙe da hannu biyu. Kwana arba'in da ake ware wa maijego, ana dafa mata, ana ɗauke mata aiki, ana tura mai haihuwar fari gidan iyayenta, gata ne da ƙasashe masu arziki ke kashe kuɗi don samar da irinsa. Abin gyara a ciki shi ne zubar da dakashi da wasu ke yi, wanda shi ne rigakafin jariri na farko, da yawan kanwa a kunu da tsananin zafin ruwan wanka, waɗanda likitocin Zariya suka daɗe da danganta su da ciwon zuciyar masu jego. Wanda ke yanke hukunci a kan waɗannan abubuwa ba yarinyar da ke zaune a benci ba ce. Surukarta ce, ko uwarta, ko mijinta, kuma nasihar da aka yi wa mace a asibiti ta koma gida ta tarar da akasinta, nasiha ce da ta tsaya a bakin zaure. Ayar da malamai ke kawowa a kan shayarwa shekara biyu, ta 233 a Suratul Baƙara, ita ce dai ta ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita, kuma da za a riƙa karanta rabin nan na biyu a huɗubar Juma'a da wa'azin suna kamar yadda ake karanta na farko, da an rage wa ma'aikatan lafiya aiki mai yawa.

Ba kowane jinjiri ne za a riƙe a sha-ka-tafi ba, kuma wani ɓangare na shiri shi ne sanin wanda ba naka ba. Jaririn da ya ƙi kama nono sam, ko yake amayar da duk abin da ya sha, ko yake jijjiga, ko jikinsa ya saki, ko ƙafafunsa suka kumbura, ko ɗan ƙasa da wata biyu da numfashinsa ya kai 60 a minti ɗaya, ko wanda zafin jikinsa ya sauka ƙasa da digiri 35.5, wurinsa babban asibiti ne mai sashen farfaɗo da masu tamowa. A can ne ake da madarar jinyar tamowa ta F-75 da ta F-100, ita ta biyun dole a tsinka ta kafin a ba ɗan ƙasa da wata shida, domin ƙodarsa ba ta iya ɗaukarta yadda take. A can ne kuma ake yin dabarar nan ta manna siririn bututu a kan nonon uwa, ɗaya bakin a cikin kofin madara, jariri na tsotson nono madarar na shiga bakinsa, ya ƙoshi ya samu ƙarfi, tsotson nasa kuma yana tayar da nonon, ana rage madarar a hankali har a cire bututun. Matsalar ita ce tsakanin takardar turawa da gadon asibitin akwai kuɗin mota, da izinin maigida, da wanda za a bar wa sauran yara, da hanyar da a wasu sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato ba a binta bayan la'asar. Iyalai da yawa suna karɓar takardar su koma gida. Saboda irin wannan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2015 cewa idan turawa ta gagara, ƙaramin asibiti na iya yi wa jariri ɗan ƙasa da wata biyu maganin cutar ƙwayoyi mai tsanani da allurar jentamaisin da amokzisilin na sha, kuma gwajin da aka kafa hujja da shi an yi wani ɓangarensa ne a Zariya, tare da Ibadan da Ile-Ife da wasu wurare a Kenya da Kwango. Ilimin da aka samo a ƙauyukanmu ya kamata a ce yana cikin kowane kabad ɗin maganinmu, tare da agogon ƙirga numfashi da ma'aunin zafi. Haka nan ɗumama bakwaini ta hanyar manna shi a ƙirjin uwa fata da fata, wanda aka faro a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978, ba ya bukatar lantarki ko kwalba, zane kawai yake bukata da wadda za ta nuna, ga mata kuma da goyo ya riga ya zama musu jiki.

Maraya na bukatar kulawa ta daban. A nan addini ya riga tsarin asibiti, domin shayar da ɗan wata sananne ne a shari'a da hukunce-hukuncensa, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Halimatus Sa'adiyya ce ta shayar da shi. Ƙanwar uwa ko goggo, wani lokaci har kakar da ba ta tsufa sosai ba, tana iya dawo da nono idan ta jure sa jaririn a kai a kai, bayan an gwada jininta an tabbatar ba ta ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki. Inda hakan ya gagara, a nan ne madarar gwangwani ta zama magani, kuma ya kamata hukuma ta ba da ita a rubuce, ba yankewa har wata shida, da kofi maimakon bulumboti, da bibiya mako-mako. A yanzu irin wannan yaro yawanci ana barin sa ne da kakarsa da abin da Allah ya hore mata.

Masu riƙe da kuɗi za su ce ana aiki, kuma ba ƙarya suke yi ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don asusun kiwon lafiya na matakin farko, an fara sa kuɗin a kasafin 2018, kuma Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya yi alƙawarin ninka cibiyoyin da ke aiki sosai daga kimanin 8,800 zuwa kimanin 17,600 kafin ƙarshen 2027. Abin da nake tsoro shi ne ma'aunin da za a yi amfani da shi wajen cewa cibiya ta gyaru. Rufin kwano da sola da rijiyar burtsatse abubuwa ne masu amfani, kuma su ne ake iya ɗauka a hoto a yanke ƙyalle a gabansu. Horar da ma'aikaciya a kan shayarwa, da biyan ta albashi a kan lokaci don ta zauna a ƙauye maimakon ta nemi canji zuwa birni, da zuwan mai sa ido ya tsaya ya ga yadda take awo, ba su da kwangila a ciki, shi ya sa ba su da mai tsaya musu. Shekarar 2025 ta kuma nuna mana haɗarin jingina da baƙo. Da Amurka ta janye mafi yawan tallafinta na ƙetare, cibiyoyin tamowa da dama a Arewa maso Gabas suka rage aiki ko suka rufe, a Katsina kuwa MSF ta ce yara 652 sun rasu a cibiyoyinta cikin watanni shida na farkon shekarar. Wani abin lura shi ne kulawa da jinjiri ita ce ɓangaren yaƙi da tamowa da ya fi ƙarancin bukatar dala, domin ba a shigo da nonon uwa ta tashar jirgin ruwa, kuma sikeli da horo da albashi duk suna cikin ƙarfin gwamnatin jiha da ƙaramar hukuma.

Akwai hujja mai nauyi da za a iya kawo mini, kuma ba na raina ta. UNICEF ta daɗe tana ƙiyasta cewa yara kimanin miliyan biyu ne ke fama da tamowa mai tsanani a Najeriya, kuma biyu cikin goma ne kawai magani ke isa gare su. Mai hankali zai iya cewa tunda manyan yaran da aka san maganinsu ba a gama da su ba, ɗora wa ma'aikaciya ɗaya sabon aiki mai cin lokaci zai sa ta yi biyu babu. Amsata ita ce da yawa daga cikin yaran da ake karɓa a shirin leda suna da wata bakwai ko takwas ba a ranar suka fara ramewa ba, sun fara ne suna da wata biyu ko uku, sun wuce ta gaban teburin rigakafi har sau uku babu wanda ya tuɓe su, aka jira suka cika shekarun rajista sannan aka gan su, waɗanda suka rayu ke nan. Batun lokaci kuma gaskiya ne, amma ba dole ne duk aikin ya tsaya a kan mai farar riga ba. A gundumar Mirriya ta jihar Damagaram ƙungiyar likitocin agaji ta ALIMA ta koya wa iyaye mata auna damtsen 'ya'yansu da kansu, aka ga suna yi daidai kuma suna kawo yara da wuri. Matan da ke bi gida-gida a aikin shan-inna, da ungozomomin gargajiya, da uwayen da suka shayar da 'ya'ya biyar ko shida lafiya, ana iya horar da su su zauna da maijego su gyara mata riƙon jariri, a bar wa ma'aikaciya awo da gano alamun haɗari.

Haɗari na biyu da ya kamata a yi hattara da shi shi ne kada sanya wa jinjiri sunan mai tamowa ya buɗe wa madarar kamfani ƙofa. Uwar da aka ce mata ɗanta ya gaza a sikeli, idan ba a iya magana ba, abin da za ta ji shi ne nononta ya gaza. Ƙa'idar duniya ta 1981 ta hana tallata madarar jarirai da raba samfurinta kyauta a asibitoci, a Najeriya kuma NAFDAC ce ke da alhakin tsare wannan ƙa'ida, don haka duk shirin da za a kafa dole ya zo da sa ido a kan kalanda da biro da gwangwanin kyauta da ke shiga ɗakin awo.

Abin da ya fi saurin gyaruwa shi ne rajista. Muddin fam ɗin rahoton wata bai tambayi jarirai nawa 'yan ƙasa da wata shida aka auna ba, da nawa aka samu nauyinsu ya yi ƙasa, da nawa suka dawo awo na gaba, da nawa aka tura kuma suka isa inda aka tura su, to babu shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma da zai tambayi ma'aikaciya a kansu, ita ma ba za ta ɓata rabin sa'a a kan abin da ba a tambayarta ba. Hukumomin kiwon lafiya a matakin farko na jihohi suna da ikon ƙara waɗannan layuka, da sayen sikeli mai tire ga kowace cibiyar da ake rigakafi, da ba da umarnin a tuɓe kowane jariri a auna shi a mako na 6 da na 10 da na 14, a ƙara masa awo ɗaya ko biyu kafin ya cika wata shida, tunda bayan allurar mako na 14 yawanci babu abin da ke dawo da shi asibiti sai an zo ba shi sinadarin bitamin A. Ya kamata kuma kwamitin ci gaban mazaɓa, wanda dama yana da hannu a kashe kuɗin asusun kiwon lafiya na matakin farko, ya ware wani abu na kuɗin mota don jaririn da aka tura, a yi yarjejeniya da direbobin tasha tun kafin bukata ta taso, kuma kada a sa cibiya cikin jerin waɗanda aka ce sun gyaru sai mai duba aiki ya tsaya ranar rigakafi ya ga an yi wannan awo a gabansa.